Jinjina Ga Fataken Takarda

Daga cikin hajojin da ayarin raƙuma ya riƙa ƙetarowa da su daga Tarabulus, ta Gadamas da Agadas, zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, babu wanda malamai suka fi ɗokin isowarsa kamar takarda, domin a wancan lokaci ba a yin ta a nan, kuma allo, duk da albarkarsa, wankewa ake yi. Mafi shahararta ita ce mai jinjirin wata uku, wato tambarin da ake sakawa cikin jikin takardar tun wurin yin ta, wanda ba ya bayyana sai an ɗaga ta ga haske. Da tsumma aka riƙa sarrafa ta a arewacin Italiya, musamman a masana'antar gidan Galvani.

Madugai da Azbinawan da suka tsare wannan kaya daga ƙura da 'yan fashi sun cancanci yabo, don a kan irin takardar da suka kawo ne aka kwafi littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu, har da labarin faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir da kufansa ke kusa da Sabon Birni, a 1808.