Tahamisi Ba Cin Gado Ba Ne

Har yanzu akwai manazartan da ke kallon tahamisi a matsayin aikin wanda ya rasa ta cewa, wai ya tarar da ginin wani ya ɗora masa bene. Na taɓa jin wani ya kira shi cin gado. Da jin wannan magana ka san mai ita bai taɓa ɗaukar alƙalami ya gwada ko baiti ɗaya ba.

Asalinsa ba ɓoyayye ba ne. Daga Larabawa muka aro shi, suna da aiki, daga hamsa, wato biyar. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu da watan Mauludi ta Alfazazi ce, wanda ya rasu a 1230, amma da tahamisin Ibnu Mahibi muka haddace ta, har yawancin masu karatunta ba sa bambance muryar wannan da ta wancan. A ƙarni na 19 gidan Shehu Usmanu ya riƙe sana'ar da kyau. "Tabban Haƙiƙa" da Fulatanci Shehu ya yi ta, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi. Hannu uku ke cikin waƙar da mutane ke cewa ta Shehu.

Ɗalibai kan kira duk waƙa 'yar ƙwar biyar tahamisi. Kuskure ne. Wanda ya tsara ɗango biyar duk nasa muhammasa ya yi, kuma shi ke da ikon zaɓen amsa-amonsa. Mai tahamisi ba shi da wannan 'yanci ko kaɗan.

Uwar waƙar 'yar ƙwar biyu ce, babban amsa-amo kuwa yana ƙarshen ɗango na biyu. Ɗango na farko ba ya bin kowa bashi, duk inda ya ga dama nan yake faɗuwa, yau "ra", gobe "ki", jibi wata gaɓa mai wuyar samun 'yan'uwa. To wannan gaɓa da mai waƙar ya jefar ba da wata niyya ba ita ce ke zame wa mai tahamisi doka. Dole ya nemo ɗango uku masu ƙarewa da ita, ya jera su gaban na asali, bisa karin da bai zaɓa ba, baiti bayan baiti har waƙa ta ƙare. Rago a nan yake tonuwa, sai ka ji ya cusa "ɗan'uwa" ko "ka jiya" don cike gurbi.

Amma ni ba amsa-amon ne ya fi ɗaukar hankalina ba, mahaɗar ce, wurin da ɗango na uku na baƙo ke miƙa magana ga ɗangon mai gida. Gwani yakan ƙulla tambaya a nasa, ɗangon asali ya zama amsa. Ko ya buɗe sharaɗi da "in", ya bar tsohon ɗango ya rufe. A ce uwar waƙa cewa kawai ta yi kasuwa za ta watse. Wani ya gabatar da sarakuna da dawakansu da zagage, nan take baitin ya zama gargaɗi ga masu mulki. Wani ya gabatar da maraya da mai talla da ba ta yi ciniki ba, sai baitin nan dai ya koma lallashi. Ba a taɓa wa mai waƙar ko wasali ba, amma an juya masa fuska.

Shi ya sa nake ganin tun kafin Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa mana "Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa", masu tahamisi na feɗe waƙa, sai dai da waƙa suke yi. Warwarar jigo da muke sa ɗalibi ya rubuta a shafi biyu, su a ɗango uku suke yin ta. Matsalar ita ce idan aka hau da tahamisi wannan gado, akan feɗe shi kamar bakin mutum ɗaya ne, a lissafa kamantawa da siffantawa da jinsarwa ba tare da an tambayi na wane ne ba. Ni in na ba ɗalibi "Tabban Haƙiƙa", nakan sa ya rufe ɗango ukun farko na kowane baiti da takarda, ya karanta abin da Asma'u ta bari, sannan ya janye takardar ya gaya mini abin da Isa ya yi.