Watan bulo: sharhi a kan tashoshin samaniya na wasannin kwamfuta

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, bayan an tashi daga darasin nahawu, wani ɗalibina na lise ya jira har aji ya watse, sannan ya matso ya ajiye salularsa bisa tebur ya ce, "Mushe, ga abin da ya hana ni yin aikin gida." Gani ya kori ji. Wani ƙaton zobe ne fari rataye a sararin sama, da fukafukai shuɗɗa dama da hagu, da tagogi jere kamar haƙoran zarto. Ya ce tashar sararin samaniya ce, kuma wata uku ya yi yana gina ta a cikin Minecraft, bulo bayan bulo. Na yi masa faɗan da ya kamata, amma na roƙe shi ya bar mini wayar zuwa la'asar. Abin da na gani a wannan yinin shi ya haifi wannan sharhi, domin gini ne, kuma duk gini ya cancanci a auna shi da ma'aunin magina.

Ga ƴan uwa malamai da ba su san wasan ba: wani mutumin Suwidin, Markus Persson, ya fito da shi a 2009, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5, a 2023 aka sanar an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Duniyarsa duka an yi ta ne da dunƙule masu kusurwa, kamar ɗan magi, kowane mita ɗaya ta kowace fuska. Ba a tilasta wa mai wasa bin wani labari. Fili ne aka ba shi, kamar yadda muka taso muna gina garka da shanun laka a bakin tabki.

Abu na farko da ya kama idona shi ne siffar zoben. Me ya sa zobe? Na tambayi yaron, ya ce haka tasha take. To, tashar gaske da ke kewaya duniya, wadda aka harba sashenta na farko a Nuwamban 1998 kuma mutane ke zaune cikinta ba yankewa tun Nuwamban 2000, ba ta da kamar zobe ko kaɗan: gwangwanaye ne aka jona a jikin wani dogon ƙarfe mai mita 109. Zoben ya shahara ne da zanen Wernher von Braun na 1952, wanda fim ɗin Stanley Kubrick na 1968 ya dasa a zukatan duniya. Kuma yana da dalili: idan gargare yana juyawa, abin da ke cikinsa yakan manne da gefensa, kamar yadda ruwa ba ya zubewa daga guga idan yaro ya wulwula shi da igiya. Da wannan juyin ne ake fatan mayar wa ɗan adam nauyin jikinsa a inda babu nauyi. Zoben ɗalibina ba ya juyawa, ba zai taɓa juyawa ba, kuma babu buƙata, tunda mai wasa yana taka ƙasa daram ko'ina ya je. Wato ya gaji siffar, dalilinta ya tsaya a hanya. Haka muke gani a wasu sababbin gidajen siminti da ake ɗora wa zanko don ado, alhali maginan da suka ƙago shi sun san abin da yake yi a kusurwar katangar ƙasa.

Duk da haka, a nan ne na fi jinjina masa. Fitar da da'ira daga abu mai kusurwa huɗu ba ƙaramin aiki ba ne. Dole ya lissafa: bulo bakwai a miƙe, sai ya koma ciki da ɗaya, biyar, sai ɗaya, uku, biyu, biyu, har kwata ɗin ya cika, sannan ya maimaita shi sau huɗu ba kuskure, in ba haka ba bakin zoben ba zai haɗu ba. Daga kusa matakala ce mai karo da ido. Daga nesa sai ta narke ta zama lanƙwasa. Tubalinmu na ƙasa mulmulalle ne, yana bin hannun magini duk inda ya karkata, shi ya sa bakan gizo da tulluwa suka zo mana da sauƙin siffa ko da yake da wuyar ɗauka. Yaron nan yana fama da kayan aikin da ke ƙin abin da yake so, kuma wannan faman shi ne fasahar. Duk wanda ya taɓa zama zai tsara waƙa ƴar ƙwar biyar, amsa-amo ya ƙi zuwa a ɗango na huɗu, ya san irin daɗin da ke cikin wannan ƙunci.

Sai dai ƙuncin bai kai ko'ina ba, kuma nan ne laifin wasan yake. A Minecraft, in ka cire rairayi da tsakuwa da ƴan wasu abubuwa, bulo yakan tsaya a iska ba ginshiƙi. A yanayin da ake kira na ƙirƙira, kaya ba sa ƙarewa, mai wasa yana tashi kamar shirwa, kuma umarni guda yana iya cika bulo 32,768 a ƙiftawar ido. Samaniyar ma ta aro ce: tun 2021 iyakar gini a tsaye mita 384 ce daga can ƙarƙashin ƙasa zuwa ƙololuwa, alhali tashar gaske tana nisan kusan kilomita 400. Idan girma ya zama kyauta, to ya daina zama abin yabo. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara a 1962 kuma ya sami lambar Aga Khan a 1986, muna sha'awarsa ne domin mun san kowace azara tana ɗauke da kaya, kuma damina tana jiran sakacin magini. Tashar ɗalibina ba ta san damina ba, ba ta san yaɓe ba.

Na shiga cikinta, na yi ta tafiya. Zauruka bayan zauruka, falo mai faɗin filin ƙwallo, fitilu ko'ina, ba kowa. Babu madafa, babu makewayi, babu inda ruwa ke fitowa. Na tuna cewa a tashar gaske, wurin da mutane bakwai ke iya motsawa bai wuce mita 388 na cika ba, wato bulo 388 na wasan, kusan ɗaki mai bakwai a bakwai a takwas. A cikin wannan matsatsi suke barci, suke aiki, kuma a 2023 hukumar NASA ta sanar sun kai ga sake tace kashi 98 cikin ɗari na ruwansu, har da gumi da fitsari. Mu da muka san kuɗin jarka a watan Afrilu, wannan ne ya kamata ya ba mu mamaki, fiye da tsawon fukafukai. Yawancin manyan tashoshin da ake yaɗa hotunansu a intanet suna da wannan ciwon: an gina su don a kalle su daga waje. Taron tsintsiya ne ba shara.

Akwai wani wasan da ya ɗauki wata hanya, Space Engineers, na kamfanin Keen Software House da ke birnin Prag, wanda ya fara fita a 2013 ya kammala a 2019. Shi ma bulo ne, babba mita 2.5, ƙarami rabin mita, amma kowane yana da nauyi da farashi. Sai an haƙo dutse, an narka shi, an ƙera sassa, an yi walda. Iskar shaƙa daga ƙanƙara ake tatso ta. Wuta daga faifan rana ko yuraniyom, kalmar da ba baƙuwa ba ce a kunnen ɗan Nijar. Idan ɗaki ya huje, iska ta gudu. Saboda haka mai gini yakan tilasta wa kansa yin ƙaramin ɗaki mai ƙofa biyu tsakanin waje da ciki, ba a buɗe ta biyu sai an rufe ta farko. Da na ga wannan sai na yi dariya ni kaɗai: zaure ne. Wuri ne da baƙo ke tsayawa, ya bar na waje a waje, kafin a yi masa iso. A ganina tashoshin wannan wasa sun fi muni a ido, cike suke da bututu da lunguna, amma sun fi gaskiya, domin kowane lungu yana iya faɗin dalilinsa. Aibinsa shi ne yana son kwamfuta mai ƙarfi, wadda mafi yawan makarantunmu ba su da ita. Ƙungiyar da ke son gwada irin wannan gini da tsofaffin na'urori ta nemi Luanti, wanda aka sani da Minetest har zuwa 2024. Kyauta ne kuma ba shi da nauyi.

Wani abin da ya ba ni sha'awa a matsayina na malamin adabi: tashar samaniya ta farko da aka sani a ƙagaggen labari da bulo aka gina ta. Ba'amurke Edward Everett Hale ne ya rubuta shi a 1869, shekara huɗu bayan Jules Verne ya harba mutanensa zuwa wata da igwa. Ƙwallo ce ta bulo mai faɗin kusan mita 60, aka yi ta don ta zama alama ga matuƙan jiragen ruwa, sai ta kuɓuce da mutane a ciki. Abin da ya riƙe labarin shi ne yadda waɗannan mutane suka ci gaba da rayuwa a can. Marubucin ya fara da mazauna. Yaranmu suna farawa da katanga.

Saboda haka da la'asar, da na mayar masa da wayar, na ba shi wani aikin: ya rubuta mini da Hausa, shafi biyu, yinin mutum ɗaya a cikin tasharsa, daga farkawa zuwa kwanciya. Bayan mako guda ya dawo da shafi ɗaya da rabi. Ya ce ya maƙale tun a layi na uku, wurin wanke fuska, sai da ya koma ya rushe fiffike guda ya gina ma'ajiyar ruwa da madafa. Ya kuma tambaye ni ko zai iya kiran ɗakin nan mai ƙofa biyu "zauren iska". Na ce ya rubuta hakan, mu ji abin da ajin zai ce. Aikin nahawun kuwa har yau ina jira.