Mai Masaukin da Ba a Ganinsa

A tsibirin Mull, can yammacin Sikotilan, akwai wata sana'a da baƙo zai ci moriyarta mako guda cur bai ga mai ita ba sai sau ɗaya, wani lokaci ma ko sau ɗayan babu. Mutum ya gina 'yan ɗakunan katako a gefen gonarsa, ko ya gyara tsohon gidan dutse da kakanninsa suka bari, ya zuba gadaje da kujeru da tukwane da murhu, ya ba masu zuwa hutu haya. Ba ya dafa musu abinci, ba ya yi musu shara kullum. Su za su yi cefanensu, su girka abinsu, su wanke kwanukansu. Wanda ya ji haka daga nesa sai ya ce ai wannan cin kuɗi ne a kwance, miƙa makulli ka karɓi fam. Da zai wuni da ɗaya daga cikinsu ranar Asabar, da ya janye maganarsa tun kafin azahar.

Mull shi ne na biyu wajen girma a tsibiran Hebrides na ciki, bayan Skye, amma mazaunansa ba su wuce kimanin mutum 3,000 ba. Babban garinsu Tobermory ne, mai jerin gidaje masu launi daban-daban a bakin ruwa. Yawancin baƙi daga garin Oban suke tasowa da motocinsu a jirgin fiton kamfanin CalMac, su sauka a Craignure bayan tafiyar da ba ta cika awa ɗaya ba. Abin da ke kawo da yawansu kuwa tsuntsu ne: mikiyar teku mai farin bindi, wadda idan ta buɗe fukafukanta sukan haura mita 2. An taɓa ƙarar da irinta a Birtaniya, ta ƙarshe an harbe ta a Shetland a 1918. Tsakanin 1975 da 1985 aka ɗauko 'ya'yanta 82 daga Norwe aka sake su a tsibirin Rum, kuma a 1985 ɗin ne ɗan tsako na farko da aka ƙyanƙyashe a daji ya tashi sama, a nan Mull. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta taɓa ƙiyasta cewa masu zuwa kallon wannan mikiya suna shigo wa tsibirin da kuɗin da ya kai fam miliyan 5 a shekara. Ga kuma karen ruwa a bakin gaɓa, ga manyan bareyi masu ƙaho mai rassa a kan tuddai, ga dolfin da sauran manyan dabbobin teku.

To, ranar Asabar. A al'adar sana'ar, baƙon da ya gama makonsa zai fita da ƙarfe 10 na safe, sabo ya shigo da ƙarfe 4 na yamma. Awa shida ke nan, kuma a cikinsu ne za a mayar da ɗakin da iyali suka yi kwana bakwai suna soye-soye da shigo da taɓo ya koma kamar ba a taɓa kwana a cikinsa ba. A yaye zannuwan gado, a wanke banɗaki, a kankare murhu, a kwashe firji, a share toka, a jera sabon itace. Wannan kowane mai ƙwazo zai iya. Gwani kuma yana ƙirga cokula. Yana kunna kowace fitila, yana buɗe kowane famfo ya ji ko ruwan zafi na zuwa, yana leƙa ƙarƙashin gado, yana zama a kan kujerar da baƙo zai zauna don ya ga abin da idon baƙo zai fara faɗawa a kai. Gashi guda a wurin wanka ya isa ya shafe wahalar awa shida. Idan ɗakunan uku ne ko huɗu, duk a rana ɗaya ake juya su, a wurin da samun mai taya aiki ya fi samun baƙo wuya. Shi ya sa za ka tarar kowane gado yana da kayan shimfiɗa kashi uku, ɗaya a kan gado, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye, domin a ƙasar da ruwan sama ba shi da lokaci ba a dogara da shanya a igiya.

Sai kuma abin da ya lalace. A birni ka kira mai gyara, ya zo. A Mull mai gyaran famfo yana iya kasancewa a ɗaya ƙarshen tsibirin, ƙarfen da ake nema kuma yana wani shago a Oban, teku a tsakani. Saboda haka mai ɗakunan haya shi ne kafintan kansa, shi ne mai gyaran famfo, shi ne mai hawa rufi bayan iska ta yi ɓarna. A rumbunsa akwai butar lantarki ta ko-ta-kwana, da kan famfo, da tukunyar gas, da fitilun hannu saboda ranar da guguwa za ta tsinke waya.

Jirgin fito shi ne sarkin kowa a tsibirin. Idan iska ta tashi ko inji ya samu matsala aka soke tafiya, masu fita ba su fita ba, masu shigowa suna tsaye a Oban da yara da kaya, ɗaki ɗaya kuma iyali biyu ke da haƙƙi a kansa a daren. A nan ake bambanta tsohon hannu da sabon shiga. Tsohon hannu tun ranar Alhamis yake duba hasashen yanayi. Ya san akwai wata hanya, gajeriyar fito daga Lochaline zuwa Fishnish, wadda ba a kama wuri a cikinta tun da wuri, mota ta zo ta shiga layi ne kawai, kuma sau da yawa tana aiki ranar da babban jirgi ya tsaya. Kafin baƙo ya fara tashin hankali, saƙo ya riga ya isa wayarsa: ga hanyar da za ka bi, ga tsawon zagayen, kada ka damu da dare, fitilar ƙofa a kunne take. Ya kuma san wace maƙwabciya ce ke da ɗakin da ba kowa.

Mu da muka san fatoma a zango, wanda ke saukar da fatake, ya nuna musu kasuwa, ya gaya musu wanda za su yarda da shi da inda ba a bi da dare, za mu gane wannan aiki da sauri. Bambancin shi ne fatoman Mull ba ya nan lokacin da tambaya za ta taso, don haka dole ya amsa ta tun kafin a yi ta. Duk hikimar tana cikin wani littafi da ake ajiyewa a kan tebur. Rubuta shi fasaha ce mai zaman kanta, domin idan ya yi tsawo ba mai karantawa, idan ya gajarta sai waya ta yi ta ƙara da tsakar dare. A ciki ake gaya wa baƙo cewa ruwan famfo daga maɓuɓɓuga yake, kuma idan ya ga ya yi ja-ja bayan ruwan sama, launin ƙasar fadama ne, an tace shi, ana kuma gwada shi. A gaya masa abin da ba a jefawa a masai, saboda gidan ba ya haɗe da magudanar gari, sokawe ne. A gaya masa gidajen mai ba su da yawa, kantuna kuma ba sa kai dare. A koya masa tuƙi a hanyar da mota ɗaya kawai ke ɗauka, mai 'yan wuraren ratsewa jefi-jefi: wuraren nan don ba wa juna hanya aka yi su, ba don a tsaya ɗaukar hoton tsuntsu ba, kuma idan ka ga motar ɗan gari a bayanka, ratse ya wuce, wataƙila nas ce ko mai sauri ya tarar da jirgi. Daga Craignure zuwa Fionnphort, inda ake hayewa tsibirin Iona, bai kai mil 40 ba, amma sai an ci fiye da awa guda.

Ƙananan abubuwa ne ke nuna wanda ya san baƙinsa. Madara da burodi da ganyen shayi ga wanda ya iso bayan an rufe kanti. Wuri mai ɗumi na shanya jiƙaƙƙun riguna da takalma, wanda ga mai yawon kallon tsuntsaye ya fi babbar talabijin daraja. Raga a taga saboda wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ke fitowa dubbai daga Yuni zuwa Agusta, musamman da maraice idan iska ta kwanta. Ɗan ƙarfen cire kaska a akwatin magani. Tabarau mai hangen nesa a kan taga, da jadawalin cikowa da janyewar teku manne a bango.

Wannan jadawalin ya kawo mu ga abin da ya fi burge ni a sana'ar. Mutumin nan yana cin abinci ne da hajar da ba tasa ba, ba ya kuma iya kiranta ta zo. Mikiya ba ta san an biya kuɗin ɗaki ba. Mai gajen haƙuri zai cika tallarsa da alkawari, baƙo ya zo ya yi kwana bakwai cikin hazo ya koma da fushi. Gwani ba ya alkawarin dabba, sanin da zai kai ka kusa da ita yake ba ka. Zai ce maka karen ruwa da yanayin teku yake kiwo, duba jadawali ka fita; ka sa iska tana bugun fuskarka, domin hancinsa ya fi idonsa kaifi; ka yi motsi sa'ad da ya nutse, ka daskare idan ya ɓullo. Idan ka rubuto kana son zuwa a Satumba don ganin tsuntsun fafin, mai baki ja da ruwan ɗorawa da ke sheƙa a rami a tsibirin Lunga, zai gaya maka gaskiya cewa tun farkon Agusta suke komawa teku, ko da gaskiyar za ta sa ka fasa. Idan a Oktoba za ka zo, zai ce ka buɗe taga da dare ka ji rurin mazan bareyi a kan tudu.

Zai kuma ɓoye maka wasu abubuwa, kuma daidai ya yi. Ya san bishiyar da mikiya ta yi sheƙa, amma ba zai nuna ba. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta damun irin waɗannan tsuntsaye a sheƙarsu, kuma mutanen Mull ba su manta da shekarun da suka riƙa gadin sheƙa dare da rana saboda ɓarayin ƙwai ba. Uwa idan aka tashe ta daga kan ƙwai cikin sanyi, ƙwan na iya mutuwa, haihuwar shekarar ta tafi ke nan. Don haka sai ya tura ka wurin masu jagora da suka san tazarar da ta dace. Wata dokar kuma, ta 2003, ta ba kowa damar yawo a mafi yawan filayen Sikotilan, amma da sharaɗin kiyaye haƙƙin masu wurin, kuma mai masauki ne ke fassara wannan sharaɗi ga baƙo cikin lalama: ɗaure karenka lokacin haihuwar tumaki, rufe ƙofar shinge da ka tarar a rufe, rage gudu a hanyar bakin teku domin karen ruwa na tsallakawa. Faɗa wa mutumin da ya biya ka kuɗi "kada ka yi" ba tare da ya ji haushi ba, wannan ba kowa ke da bakinsa ba.

Kada a ɗauka kowa a tsibirin murna yake. Makiyaya da yawa suna kukan mikiya na ɗauke musu 'yan raguna, har hukumar NatureScot tana da shiri na musamman don tallafa musu. Sau da yawa mai ɗakunan haya shi kansa makiyayi ne, tsuntsun da ya cika masa ɗaki shi ne wanda yake harara a lokacin haihuwar tumaki. Akwai kuma maganar gidaje, wadda ta fi zafi. Duk gidan da aka mayar na 'yan hutu, an rage wurin da malamin makaranta ko matashi ɗan tsibirin zai zauna. A ganina a nan akwai bambanci babba tsakanin wanda ya gina ɗaki a gonarsa yana zaune a wurin rani da damina, da wanda ya sayi gida a tsakiyar ƙauye daga wani birni mai nisa ya bar akwatin makulli a ƙofa. Na farkon nake yabo.

Hukuma ma ta shigo. A ranar 1 ga Oktoba 2023 aka hana yin irin wannan haya a Sikotilan sai da lasisin ƙaramar hukuma ko shaidar an nema, wanda a Mull yana hannun majalisar Argyll da Bute. Ana duba kariyar gobara, da gas, da wayoyin lantarki, da inshora. Kafin kuma a ɗauki ɗakin a matsayin wurin kasuwanci wajen haraji, sai ya kasance a buɗe don haya kwana 140 a shekara, an kuma kama shi aƙalla kwana 70. Kuɗin shekara kusan duka tsakanin Afrilu da Oktoba ake samunsa. Hunturu na fenti ne da yaƙi da danshi da gishirin teku mai cin ƙarfe, a ranakun da haske bai fi awa bakwai ba. Shafuka irin su Airbnb suna kawo baƙi su yanki kasonsu, shi ya sa dukiyar gaske ita ce iyalin da ke dawowa kowace shekara, waɗanda ke kama makon baɗi tun kafin su ɗora kaya a mota.

Wanda Allah ya hore masa zuwa, ya nemi watan Mayu ko farkon Yuni: rana na da tsawo, fafin suna nan, ƙwarin ba su yi yawa ba tukuna. Ya kama ɗaki tun da watanni, ya yanki tikitin motarsa a jirgin fito a ranar da ya kama ɗakin. Idan ya isa kuma, ya daure ya karanta littafin nan na kan tebur kafin ya ɗaga waya.