Sunan Kanti a Jikin Bindiga: Ƙananan Bindigogin Sears da Masu Farautar Asalinsu

A wuraren baje kolin bindigogi na Amurka akwai teburin da manyan masu kuɗi ba su cika tsayawa a gabansa ba. A kansa ake jera tsofaffin ƙananan bindigogi masu ɗauke da sunaye irin su J.C. Higgins da Ted Williams da Western Field da Revelation. Babu masana'antar da ta taɓa amsa ɗaya daga cikin waɗannan sunaye. Sunayen kantuna ne. Biyun farko na Sears ne, na uku na Montgomery Ward, na ƙarshe kuma na Western Auto, kantin da asalinsa kayan gyaran mota yake sayarwa. A da, kantin yakan je wurin maƙera na gaske, irin su Marlin ko Mossberg ko Ithaca, ya yi odar bindigogi da yawa, ya ce a buga masa nasa sunan a jikin bututu.

Daga cikinsu, waɗanda suka fi jan hankalin wani rukuni na masu tarawa su ne masu liba, masu cin ƙaramin harsashin nan na .22. Liba ita ce mariƙin ƙarfen da ya zagaye kunama: a ja ta ƙasa ta tofar da kwanson da aka harba, a mayar da ita ta ɗora sabon harsashi. Duk wanda ya kalli finafinan kaboyi ya san motsin. Shi kuwa harsashin, sinadarin da ke tayar da albarushinsa a leɓen gindin kwanso yake, ba a tsakiya ba, shi ya sa ƙera shi ke da arha. Samfurin da aka fi amfani da shi, .22 Long Rifle, kamfanin Stevens ne ya fito da shi a 1887, kuma har yau ba a sauke shi ba. Ba ya naushin kafaɗa, ƙararsa ba ta kai ta manyan bindigogi ba, ya kuma wadatar wajen farautar zomo da kurege.

Yadda sunayen suka samu ma labari ne. John Higgins ma'aikacin Sears ne, ɗan asalin Ayalan, wanda ya fara aiki da kamfanin a 1898 a ɓangaren lissafin kuɗi. A 1908 aka ari sunansa aka liƙa wa kayan wasanni, aka ƙara masa harafin C don sunan ya cika baki. Fiye da shekara hamsin sunan wannan akanta yana yawo a jikin kekuna da kayan kamun kifi, daga baya har da bindigogi. A farkon shekarun 1960 Sears ya maye gurbinsa da Ted Williams, gwarzon wasan besbol na ƙungiyar Boston Red Sox, wanda ya yi ritaya a 1960 kuma sananne ne a kamun kifi da farauta.

Me ya sa kantunan suka zaɓi wannan hanya? Sears da Montgomery Ward, dukansu 'yan Chicago, da cinikin gidan waya suka yi arziki. Manomin da ke ƙauye mai nisa zai buɗe katalog, ya zaɓi abin da yake so, ya aika kuɗi, kaya su iso shi. Idan bindigar ba ta ɗauke da sunan Marlin, kantin na iya karya farashinta ba tare da dillalan Marlin sun yi kuka ba, kuma mai saye ba shi da hanyar kwatanta farashi da na wani shago. Shi ma maƙerin bai yi asara ba, tunda injinansa ba su zauna ba.

Lokacin ma ya taimaka. A ƙarshen shekarun 1950 talabijin ɗin Amurka cike yake da kaboyi. Shirin The Rifleman, wanda ya gudana daga 1958 zuwa 1963, jaruminsa Chuck Connors da bindiga mai liba yake buɗe kowane kashi. Yara suka matsa wa iyaye, iyaye suka buɗe katalog.

Abin da ke riƙe masu wannan sha'awa shi ne bin diddigi. Bindigar Sears tana ɗauke da wata lamba a bututunta, kuma alƙaluma ukun farko su ke tona asirin maƙeri: 103 na Marlin ne, 101 na Savage da Stevens, 583 na High Standard, 273 na Winchester, 340 na Ithaca. Wanda ya haddace waɗannan yana iya ɗaga bindiga a shagon jingina, ya karanta, ya san abin da ke hannunsa tun kafin mai shagon ya buɗe baki. J.C. Higgins 44DL, alal misali, Marlin 57 ce ta sake riga. Revelation 117 kuwa Mossberg Palomino ce. Kamfanin sayar da kayan gyara na Numrich da ke jihar New York yana da jadawalin da ke haɗa sunan kanti da ainihin samfuri, kuma a nan mai neman sifirin ko allurar dukan harsashi da ta karye yake fara dubawa.

Marlin 57 ɗin nan ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Tana cikin dangin da kamfanin ya kira Levermatic, wanda ya fara da samfuri na 56 a 1955. Libarta ba ta buɗewa sosai, digiri 25 kacal take motsawa, don haka maharbi na iya ɗora harsashi da yatsu, tafin hannunsa bai bar ƙota ba, idonsa bai bar saiti ba. Ba ta yi kama da ta kaboyi ba ko kaɗan, domin ba ta da guduma a waje, ƙotarta kuma katako guda ne. Wataƙila shi ya sa ba ta daɗe a kasuwa ba. Amma a filin harbi, waɗanda suka riƙe ta suna yaba saurinta da daidaiton bututunta mai ƙananan zane da yawa a ciki, wanda Marlin ya fara yi a 1953 ya kira Micro-Groove.

Ithaca 49 ta 1961, wadda Sears ma ya sayar, akasin haka ce: siffar kaboyi zalla, amma harsashi ɗaya take ci. Bututun da ke ƙarƙashinta, wanda ido zai ɗauka rumbun harsashi ne, ado ne kawai. Sai an sa harsashi da hannu, an ɗana guduma da babban yatsa, sannan ta tashi. Iyaye sun so ta saboda haka, domin yaron da ke koyo ba zai iya yin gaggawa ba.

Masu sayarwa suna yawan cewa bindigar kanti da ta maƙeri abu ɗaya ne, suna kawai ya bambanta. Rabin gaskiya ce. Kayan cikin sukan zo ɗaya, amma kantin ya kan rage tsada a inda ido ba zai yi saurin kamawa ba: katako mai arha da aka rina maimakon wolnat, saiti mai sauƙi, gogewar ƙarfe sama-sama. Wani lokacin kuma Sears ya kan nemi a sauya masa siffar ƙota ko wani ɗan ƙarfe, sai mai gyara ya sayo kayan Marlin ya tarar sun ƙi zama. Wannan ɗan bambancin da ke ba mai gyara haushi shi ne abin da mai tarawa ke nema.

Shekarar 1968 ita ce iyaka. Bindigar da aka kashe Shugaba Kennedy da ita a 1963 ta gidan waya aka sayo ta, kuma bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar da ta hana aika wa mutum bindiga gida ta wasiƙa, ta kuma wajabta buga lambar shaida a kowace sabuwar bindiga. Kafin nan, yawancin masu arha na .22 ba su da irin wannan lamba. Don haka sanin shekarar ƙera wata J.C. Higgins ya kan koma aikin tono tsofaffin katalog, ana gwada hoto da ƙarfe, shafi bayan shafi. Kantunan ma sun bi baya ɗaya bayan ɗaya: Sears ya daina buga babban katalog ɗinsa a 1993, Montgomery Ward ya rufe shagunansa a 2001.

Ƙasƙancin sunan nan shi ya bar bindigogin a bakin aiki. Wanda ya mallaki tsohuwar Winchester mai tsada tsoron ƙarzane yake yi, sai ya kulle ta a akwati. Mai Revelation kuwa ranar Asabar fita yake da ita, ya jera gwangwanaye ko ƙananan siffofin ƙarfe na kaza da alade da rago, ya yi ta harbi har yamma da kuɗi kaɗan. Sai dai tsufa na da sharuɗɗansa. Ba a danna kunamar irin waɗannan babu harsashi a ciki, domin allurar za ta daki leɓen ɗakin harsashi ta lotsa shi, daga nan kwanso ya fara maƙalewa. Wadda aka daɗe ana ciyar da ita gajeren harsashi, .22 Short, takan tara zoben dauɗa a ciki, sai an goge kafin dogon ya shiga. Sifirin ɗin bututun rumbu yakan saki, kuma harsashi na iya lafewa a ciki mai ita ya ɗauka babu komai, shi ya sa gogaggu ke buɗe liba su leƙa da ido kafin su miƙa wa kowa. Mai saye da ya san abin da yake yi, ƙaramar tocila yake sawa a aljihu ya haska cikin bututu tun kafin a fara maganar farashi.