Wasan Sinima na North Country da Shari'ar da Aka Gina Shi a Kanta

A shekarar 2005 aka fitar da wani wasan sinima a Amurka mai suna North Country. Niki Caro ce ta shirya shi, Charlize Theron kuwa ta fito a matsayin Josey Aimes, wadda labarin ya ke kanta. An gina shi ne a kan littafin Class Action na Clara Bingham da Laura Leedy Gansler, wanda aka buga a 2002, mai ba da tarihin shari'ar Lois Jenson da kamfanin haƙar tama na Eveleth a arewacin jihar Minnesota. Ita ce shari'a ta farko a ƙasar da aka yarda mata ma'aikata su haɗu su kai ƙara guda, watau ƙarar gayya, a kan cin zarafinsu da batsa da neman lalata a wurin aiki. Nufin wannan takarda shi ne a duba inda wasan ya riƙe gaskiya, da inda ya kauce, da abin da kaucewar ta ɓoye wa mai kallo.

Ga labarin a taƙaice. Josey ta gudu daga mijinta mai dukanta, ta koma gidan iyayenta da 'ya'ya biyu. Wata ƙawarta mai suna Glory ta ba ta shawara ta nemi aiki a wurin haƙar tama, domin albashinsa ya ninka na wankin gashi da ta ke yi. Da shigarta sai ta tarar matan wurin, su 'yan kaɗan, suna cikin wulakanci kullum: a rubuta musu batsa a bango, a ƙazantar da ɗakin da su ke sauya tufafi, a kai musu hannu da sunan wasa. Da abin ya ishe ta sai ta bar aikin, ta kai ƙara.

Babban abin yabo ga wasan shi ne bai ɗora laifin a kan mugu ɗaya ba. Lalle akwai Bobby Sharp, wanda ya fi kowa matsa mata, amma shi kaɗai ba zai iya kome ba in da bai sami masu rufa masa asiri ba. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Mai kamfani ya saurare ta cikin fara'a, sa'an nan ya nuna mata a shirye ya ke ya karɓi takardar barin aikinta nan take. Ƙungiyar ma'aikata, wadda aka kafa domin kare mai rauni, ita ce ta yi mata ihu sa'ad da ta tashi magana a taro. Mahaifinta, wanda shi ma a can ya ke aiki, ya daɗe yana ganin ita ce ta jawo masa abin kunya. Matan gari kuwa hukuncinsu shi ne, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Inda wasan ya fi nuna zurfin tunani shi ne wajen 'yan'uwanta mata ma'aikata, da su ka ƙi mara mata baya. Bai mai da su matsorata ba. A garin da kusan ko wane gida ya ke ci daga rami ɗaya, wadda ta ɗaga murya ta taɓa tuwon maƙwabcinta, ta kuma sa nata cikin haɗari. Shirun kowa yana da dalilinsa, shirun nan kuwa da aka tara shi ne katangar da ta ke kare halin da a ke ciki.

Amma fa da aka shiga kotu sai wasan ya saki hanya. Lauyar kamfani ta tono rayuwar Josey ta baya, har aka gane cewa ɗanta na fari ta same shi ne ta hanyar fyaɗen da malaminta ya yi mata tana makaranta. Da gaskiyar nan ta fito sai zukata su ka karaya. Glory, wadda ciwon jijiyoyi ya riga ya kwantar, ta shiga ƙarar, jama'a kuma su ka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna nuna goyon baya. A nan akwai aibi biyu.

Na farko, wasan ya karɓi ma'aunin mutanen gari ba tare da ya sani ba. Ba a gaskata Josey ba sai da ta tabbata cewa ba da sonta ta yi cikin fari ba. To, da a ce da sonta ne fa? Ashe ke nan abin da aka yi mata a wurin aiki ya halatta? Haƙƙin ma'aikaciya na a bar ta ta yi aikinta bai rataya ga tsarkin tarihinta ba, wasan kuwa ya rataya shi a can.

Na biyu, ya mai da kotu wurin da wahala ta ke ƙarewa, alhali tarihi ya nuna akasin haka. Lois Jenson ta kama aiki a 1975. Ta kai kuka ga hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta jihar a 1984. Lauya Paul Sprenger ya shigar da ƙara a kotun tarayya a 1988, alƙali James Rosenbaum ya yarda ta zama ƙarar gayya a 1991, alƙali Richard Kyle kuma ya sami kamfanin da laifi a 1993. Duk da haka magana ba ta mutu ba. Aka wakilta wani tsohon alƙali, Patrick McNulty, ya ƙiyasta diyya. A gabansa aka bar lauyoyin kamfani su ka yi ta tonon asirin matan, tun daga takardunsu na asibiti har zuwa abin da ya same su a ƙuruciya, daga bisani ya yanka musu diyyar da, in aka raba daidai, ba ta wuce kamar dala 10,000 ga ko wace mace ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan hukunci a 1997. Sai a ƙarshen 1998 aka daidaita, aka biya mata 15 dala miliyan 3.5. Daga kukan farko zuwa biya shekara 14 ke nan. Jenson ta bar aiki tun 1992 saboda ciwon damuwa da abin ya jawo mata. Pat Kosmach, wadda a kanta aka gina Glory, ta rasu a 1994 ba ta ga ƙarshen shari'ar ba.

Watau tonon asiri, wanda a sinima ya zama mabuɗin nasara, a zahiri makami ne da aka yi amfani da shi don a gajiyar da masu ƙara. Jinkirin shari'a ma makami ne, gama kamfani yana iya jira, mace mai ciyar da 'ya'ya ba ta iyawa. Wasan ya lissafa kamfani da ƙungiya da gida cikin masu riƙe da halin da a ke ciki, ya manta da kotu.

Akwai abin lura a nan ga marubutan ƙagaggun labarai da masu shirya fim na Hausa, domin al'adar hikaya tun daga tatsuniya tana son a rufe labari da mugu ya ga sakayya, jama'a su watse da farin ciki. Irin wannan rufi yana sanyaya zuciya, amma a labarin zalunci da jama'a su ka taru su ka rufa wa asiri, ya kan sa mai kallo ya ɗauka an gama, har ya wanke kansa daga laifin shiru. North Country ya cancanci kallo saboda kashi biyu cikin uku na farkonsa. Wanda ya ke son sanin abin da matan Eveleth su ka biya kafin a biya su, sai ya koma ga littafin Bingham da Gansler.