Sharhi a kan Koyar da Tsaka-tsaki ga Ɗaliban Jiyyar Iyali a Digiri na Biyu

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu duba maƙala guda ɗaya wadda ta daɗe cikin karatun ɗaliban jiyyar iyali da ma'aurata, musamman a Ingila, sa'an nan mu nuna inda muke ganin ta bar ɗalibi a tsakar hanya. Maƙalar ta fito a mujallar Family Process a shekarar 1980, daga hannun likitoci huɗu na birnin Milan a Italiya, watau Mara Selvini Palazzoli da Luigi Boscolo da Gianfranco Cecchin da Giuliana Prata.

Tushen tunaninsu ra'in tsari ne, wanda Gregory Bateson da abokan aikinsa suka shuka a Palo Alto ta Amurka cikin shekarun 1950. A taƙaice, ra'in yana cewa kada a nemi damuwa cikin mutum ɗaya, a neme ta cikin yadda mutanen gida suke cuɗanya. Miji yana daɗewa a waje domin ana tarbarsa da faɗa, mata kuwa tana faɗa domin yana daɗewa a waje. Dalili ya zama zobe, ba a san kai ba balle gindi. A kan wannan ne mutanen Milan suka kafa ƙa'idoji uku: mai jiyya ya shiga zama da hasashe, ya yi tambayoyi masu kewayawa, ya kuma tsaya tsaka-tsaki, har ya zamana in an tambayi iyalin bayan an tashi, ba wanda zai iya faɗin ɓangaren da ya ɗauka.

Lalle maƙalar tana da abin yabo. Ta mai da gwaninta abin da ake iya koyarwa. Maimakon a tambayi uwa abin da ke damunta, sai a tambayi ɗiya yadda take ganin zaman uwarta da ubanta, su kuwa suna saurare. Ɗalibi yana iya gwada wannan gobe. A Ingila horon yakan ɗauki shekara huɗu, biyun ƙarshe su ne na digiri na biyu, kuma galibin masu shiga sun riga sun zama ma'aikatan jinya ko na jin daɗin jama'a. Ɗalibi yakan zauna da iyali a ɗaki, malaminsa da 'yan ajinsa suna kallo ta bayan madubin da ake gani ta fuska ɗaya, in ya kauce a bugo masa waya.

To, amma mu ɗauka mijin nan ba daɗewa kaɗai yake yi ba, in ya dawo dukanta yake yi. Ina amfanin zobe a nan? Da zarar ɗalibi ya tambayi yaro abin da uwarsa takan yi kafin a mare ta, ya riga ya raba laifin gida biyu, ko da bai nufa ba. Wanda ya tsaya daidai tsakanin kura da akuya ba adalci ya yi ba, ya dai ba kura lokaci. Wannan kuwa ba kuskuren ɗalibi ba ne, yana cikin jinin ra'in, domin shi kansa Bateson ya ƙi yarda a bayyana zaman mutane da batun iko, har suka saɓa da Jay Haley a kan haka. Michele Bograd ta fito da wannan aibi fili a 1984, game da matan da mazansu ke duka.

Ba za mu ce ba a yi gyara ba. A 1987 Cecchin ya sake fassara tsaka-tsaki da ma'anar ƙishin sani, watau mai jiyya ya riƙa neman jin kowace fuska. A shekarar kuma Tom Andersen na Tromso a Norwe ya bayyana yadda suka juya fitila da lasifika, iyali suka koma sauraron abin da masu kallo ke faɗa a kansu. A 1990 Virginia Goldner da abokan aikinta a cibiyar Ackerman ta New York suka nace cewa alhakin duka yana kan mai dukan, ko da ana nazarin zaman su biyun. Darussan yau suna koyar da kare lafiyar wanda ake zalunta.

Ƙorafinmu shi ne, a ganinmu wannan gyara faci ne a kan tsohuwar riga. Abin da aka faɗa wa ɗalibi a lacca dabam, abin da hannunsa ya saba da shi a gaban madubi dabam. Ya san ana auna shi, ya kuma san abin da ke burge masu kallo shi ne tambaya mai kyau wadda ba ta ɓata wa kowa rai. Ita kuwa matar, ga mijinta a gefe, ga mutane a bayan gilashi, ga kuma hanyar gida da za su bi tare, yaya za a yi ta buɗe baki? Shirunta sai a rubuta shi a matsayin alamar tsarin gidan. (Dattijon da ke sulhu a zaurukanmu yana da nasa aibi, sau da yawa haƙuri kaɗai yake ba mace, amma dai an san yana da ikon cewa wane kai ne da laifi.)

Saboda haka muna ba masu tsara irin wannan manhaja shawara su sa cikin jarrabawar aiki wani zama inda cin nasara shi ne ɗalibi ya dakatar da tambaya, ya raba ma'auratan, ya ga kowa shi kaɗai, ya kuma tambayi matar ko akwai inda za ta kwana lafiya a daren nan.