Solfa da Waƙar Bin Sawu a Majami'un Sakaba

A yawancin majami'un ƙasar Zuru da ke da kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, daga Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba, har zuwa Dabai da Ribah, ba ka rasa wani allo ko tsohon littafin rubutu da aka cika da baƙaƙe bakwai: d, r, m, f, s, l, t, da ɗigo-ɗigo da zane-zane a tsakaninsu. Wannan shi ne solfa. Da shi ake koya wa matan sofirano da alto, da mazan teno da bes, inda muryar kowa za ta bi. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, kwayar da za ta jero maka solfan waƙa guda daga farko har ƙarshe ba tangarɗa, ita ce za ta watse da zarar an raba ta gida biyu an ce ta yi waƙar bin sawu.

Solfa tsohon abu ne. Wani malamin coci a Italiya, Guido na Arezzo, shi ya laƙaba wa muryoyi shida suna a ƙarni na 11. Amma irin wanda ya iso mu daga Ingila ya fito. Wata malama a garin Norwich, Sarah Glover, ta tsara shi don yaran makarantar Lahadi, sannan Fasto John Curwen ya ɗauka a shekarun 1840 ya gyara ya yaɗa. Dabarar ita ce, do ba ta da mazauni guda. Duk inda waƙa ta kafa gindinta, nan ne do, sauran kuma a auna su daga gare ta. Ga shi da araha, tunda da alli ko keken buga takardu ma ana rubuta shi, shi ya sa 'yan mishan suka yi guzurinsa zuwa Afirka. Da shi Ikoli Harcourt Whyte ya rubuta waƙoƙinsa na Ibo a sansanin masu cutar kuturta na Uzuakoli. A ɓangarenmu kuwa, mishan ɗin da ya haifi cocin UMCA ya kafa tasha a Zuru a shekarun 1920, da Salka, daga baya da Tungan Magajiya, kuma waƙar sujada mai murya huɗu ta shigo tare da 'yan mishan ɗin.

Sai dai a hanya an yi ɓarin wani abu. Curwen ya so mai waƙa ya san ɗanɗanon kowace murya a kunnensa: do tana tsaye da ƙarfi, mi tana kwance lafiya, ti tana ɗokin komawa do. A wurinmu solfa ya rikiɗe ya koma hadda. Malami ya rera, a maimaita, ya sake rerawa, a sake maimaitawa, har ya zauna. Bakin yana cewa fa, amma in ka tsayar da mutum ka ba shi do ka ce ya nemo maka fa shi kaɗai, sai ya yi ta lalube.

Waƙar bin sawu, wadda masana kiɗa ke kira kanon, ita ce ke tona wannan asiri. Karin waƙa ɗaya ne tak. Rukunin farko ya fara, ya yi 'yar tafiya, sai na biyu ya ɗauko daga farko alhali na farkon bai tsaya ba, wani lokaci har da na uku da na huɗu, a yi ta zagaye. Turawan Ingila suna da irinta a rubuce tun ƙarni na 13. Daɗinta shi ne kowa abu ɗaya ya koya, amma abin da ke fita murya biyu ne, ko uku, ko huɗu. Wahalarta kuma, maƙwabcinka yana rera abin da ka rera ɗazu, kai kuma dole ka riƙe naka kana jin nasa.

Mu mutanen amshi ne. A gona wajen gayya ko aikin golmo, a dandali lokacin bikin Uhola, ko a taron Zumuntar Mata, mai ba da waƙa ya jefa, jama'a su amsa. Kunnenmu ya saba da jiran gurbi, kuma in ka ji jama'a sun ɗauka, ka bi su. To a bin sawu wannan kyakkyawar tarbiyya ce ke kayar da mutum. Ka kula da rukuni na biyu: sukan shigo daidai, su yi layi ɗaya lafiya, sai wata mai ƙarfin murya a rukunin farko ta ɗaga, kafin a kai rabi duk an koma bin ta. Wasu kan toshe kunne da yatsa don kada a ja su. Hakan ya fi muni, don wanda ba ya jin ɗan'uwansa ba shi da abin da zai daidaita muryarsa da shi.

Sai kuma zamewa ƙasa, wadda ta fi wuyar kamawa domin kowa tare yake zamewa. Akwai abin da kowane ɗan kwaya ya sani: ana tsakiyar waƙa janareta ya mutu, kibod ya yi shiru, a ci gaba da baki kawai. In wuta ta dawo mai kiɗa ya ɗora hannu, sai a ji kamar shi ne ya yi kuskure, alhali kwaya ce ta sauka da rabin mataki, wato tazarar mi da fa, ko fiye. Dalilan sanannu ne. Idan waƙa na gangarowa, mawaƙa kan yi taku mai faɗi fiye da kima, in tana hawa kuma su gajarta. Ƙarshen jimla, inda numfashi ke ƙarewa, nan murya ke lanƙwasa. A waƙar da ke zagaye sau biyar ko shida, ɗan kuskuren nan taruwa yake yi. Har ma masana sun nuna cewa a wasu jerin muryoyi, ko kwaya ta rera komai tsaf yadda kunne ke so, kowane zagaye na iya saukar da ita da ɗan bambancin 81 da 80, kusan kashi ɗaya cikin biyar na rabin mataki. Amma kada wani malamin waƙa ya fake da wannan. Tamu zamewar yawanci ta gajiya ce da rashin sauraro.

Fa da ti su ne ramin. Da yawa daga waƙoƙinmu na gargajiya a kan murya biyar suke tafiya, do, re, mi, so, la, babu rabin mataki a ciki. Wanda ya tashi da wannan, in aka kawo masa waƙar Turawa mai tazarar mi da fa ko ti da do, yakan buɗa ta ko ya kauce mata. Ba nakasa ba ce. Hasali ma alheri ne a ɓoye, domin muryoyin nan biyar ba sa faɗa da juna sosai, don haka karin da aka gina a kansu ya fi sauƙin shiga bin sawu. A kan irin wannan Zoltan Kodaly ya gina koyar da waƙa a ƙasar Hungari: a fara da waƙoƙin gida masu murya biyar, sannan a shigo da fa da ti. Mu kuma mun bar namu a ƙofar majami'a mun fara da mai wuyar. Ƙari a kan haka, karin da aka haifa tare da kalmomin Hausa ko C'lela ba ya murɗe hawa da saukar magana yadda fassararrun waƙoƙi kan yi.

Kibod da lasifika sun ƙara dagula lamarin. Mai kiɗa yana danna wa kowa muryarsa da ƙarfi, kwaya ta jingina a kansa, kunne ya yi barci. Ga shi rashin tsaro ya sa a ƙauyuka da dama kowa na son komawa gida kafin duhu, lokacin koyo ya ragu, sai a garzaya kan waƙar Lahadi kawai.

Amma gyaran ba ya cin lokaci ko kuɗi. Alamun hannu na Curwen suna nan: dunƙulen hannu do ne, tafi a kife mi, babban yatsa ƙasa fa, manuni sama ti. Malami ya nuna da hannu bai buɗe baki ba, kwaya ta nemo muryar da kanta. Mazan bes su riƙe do doguwa, sauran su hau su sauka a kanta har su ji inda so ke zama daram. A rera layi ɗaya a fili, na biyu a zuci, a fito a na uku a ga ko an haɗu. Idan an zo bin sawu, a fara da gida biyu, a hankali, murya ƙasa-ƙasa, a tsaya a da'ira kowa na ganin kowa.

Don haka, malaman kwaya na Sakaba da kewaye, ku kashe kibod na minti goma a farkon kowane zaman koyo. Ku ba da do sau ɗaya, a yi bin sawu da baki kawai, in an gama ku sake danna ta kowa ya ji da kunnensa inda aka tsaya.